Daga Igbobi Zuwa Dala: Tarihin Karatun Gashin Ƙashi



Wani ƙanena a Kurmin Kogi, cikin ƙaramar hukumar Ikara, zai cike fom ɗin JAMB, kuma fisiyo yake so, wato abin da mutanenmu ke kira gashin ƙashi. Ya ƙudurce wannan niyya ne tun da kakarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, ana ɗaukar shatar mota zuwa Shika don a yi mata gashi. Ya ce da ni, "Yaya, wace jami'a ce ta fi?" Na ce masa bari mu tambayi tarihi.

Tun kafin zuwan asibiti, Bahaushe yana da maɗora masu gyaran karaya da targaɗe, ya kuma san tausa da gashi da ruwan zafi. Amma fisiyo na zamani ya shigo Najeriya ne a 1945, ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, wurin da ya faro da jinyar sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu. Turawan Ingila biyu, Manfield da Williams, su suka fara aikin. A nan kuma aka soma horar da mataimaka na shekara uku, a gefen gadon majinyata.

A 1959 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa. A 1966 Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri, irinsa na farko a Najeriya, tana dogaro da asibitin koyarwarta. Legas da Ife suka biyo baya a shekarun 1970.

Arewa fa? Mun jima muna jira, alhali shan-inna na nakasa yaranmu. Asibitin ƙashi na Dala a Kano ya buɗe tun 1959, amma sai bayan kimanin shekara 30 aka samu makarantar fisiyo ta tarayya a cikinsa. Ita ce tushen sashen da ke Jami'ar Bayero a yau. Daga baya Jami'ar Maiduguri ta buɗe nata.

Duba da kyau: Igbobi, Ibadan, Dala. Ko'ina asibiti ne ya riga aji. Wannan karatu na hannu ne, kuma hannu ba ya ƙwarewa a kan allo. Don haka na ce wa ƙanena ya bar tambayar suna, ya yi tambaya uku.

Ta farko, hukumar NUC da hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa don yi wa masu sana'ar rajista, sun amince da sashen? In babu amincewarsu, shekara biyar ko fiye na iya ƙarewa ba lasisi, kuɗin masara da tumatirin mahaifinsa sun tafi a banza.

Ta biyu, a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, kuma majinyata nawa hannunsu ke taɓawa?

Ta uku, digiri ne ko difloma? Ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, kusa da gida, ta yaye ma'aikatan lafiya masu yawa. Amma kowace takarda da matsayin da take kai mai ita, gara ya sani tun kafin ya biya kuɗin fom.

A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu. Ga masu hawan jini, ga waɗanda hatsarin babur ke karyawa a hanyar Zariya zuwa Kano. Aiki na jiran yaron nan a Ikara da Makarfi da Kudan.

Ku kuma marubuta, idan jaruminku ya yi hatsari, kada ku tashe shi garau a shafi na gaba. Akwai watannin gashi da sanda a tsakani, kuma akwai labari a cikinsu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.