Kalmar "like" a bakin masu jin Turanci

"Like" kalma ce ta Turanci da asalin ma'anarta "kamar", amma a hirar yau da kullum ta zama abin cike giɓi, irin yadda Bahaushe ke jefa "wato" a tsakiyar zance. Mai magana kan sa ta yayin da yake laluben kalma ta gaba, ko don sassauta adadin da bai tabbatar ba. Ana kuma haɗa ta da aikatau "be" don kawo maganar wani, ko abin da ya raya a zuci, sau da yawa tare da kwaikwayon muryarsa da yanayin fuskarsa.

Galibi ana danganta salon da 'yan matan kwarin San Fernando da ke Kalifoniya, saboda waƙar "Valley Girl" da Frank Zappa ya fitar tare da 'yarsa Moon a 1982, sai fim ɗin "Clueless" na 1995 ya ƙara yayata shi. Sai dai masaniyar harshe Alexandra D'Arcy ta Kanada ta nuna a littafinta na 2017 cewa cike giɓi da kalmar ya girmi waƙar nesa ba kusa ba, don an same shi a maganar tsofaffi a ƙauyukan Birtaniya. Kawo maganar wani da ita ne sabon abu, kuma ya bazu daga Amurka zuwa Kanada, Birtaniya da Ostareliya.

Bincike ya nuna matasa ne ke kan gaba a wannan sabon salo, musamman mata. Manya kan kushe salon a matsayin sakarci, amma yara na tasowa da shi, kuma masana sun gano yana da gurabensa sanannu a cikin jimla.