Inda Dawa Take Ajiye Dafinta: Yadda Aka Koyi Auna Sinadarai a Sassan Tsiro

Makiyayi ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya san cewa dawa ƙarama da ba ta yi kara ba, ko gyauron da ya tofo bayan girbi, tana iya kayar da saniya nan take. Manoman Masar ma sun daɗe da sanin haka, kuma dawar can ce Wyndham Dunstan da Thomas Henry suka bincika a Landan. A 1902 suka fitar da sinadarin da ke wannan ɓarna, suka raɗa masa suna dhurrin. Idan ya tarwatse sai ya saki sayanayid, gubar da ke hana jiki amfana da iskar da aka shaƙa.

Sai dai sun bar wata tambaya a baya, wadda ta ɗauki shekaru saba'in da 'yan kai kafin a amsa ta. Sayanayid yana cutar da ƙwayoyin halittar tsiro kamar yadda yake cutar da na dabba. To me ya hana dawa kashe kanta?

Masana na wancan zamani ba su da hanyar ganowa, domin dabararsu guda ce: a tara ganye ko ɓawo mai yawa, a daka, a jiƙa, a tace, a ƙafe ruwan har abin da ake nema ya daskare. Da wannan dabara Friedrich Sertürner ya fitar da mofin daga ƙaron ofiyom a farkon ƙarni na 19, da ita kuma Pelletier da Caventou suka fitar da kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa a 1820. Aiki ne babba, zazzaɓin cizon sauro ma shaida ne. Amma dakan da ke fitar da sinadari shi ne kuma yake rushe mazauninsa. Da zarar ganye ya shiga turmi, fatarsa da tsokarsa da jijiyoyinsa sun gauraye, abin da za a samu kawai shi ne jimilla.

Matakin farko na fita daga wannan ƙangi shi ne koyon rarrabe sinadarai daga samfur ɗan kaɗan. Masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, yana aiki a Waso, ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye a sama. Launukan suka gangara da saurin da ya bambanta, kore a nan, rawaya a can. A 1906 ya wallafa dabarar, wadda ake kira kuromatogirafi. Manyan masana kimiyyar sinadarai suka yi biris da ita, ya rasu a 1919 bai ga amfaninta ba. Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da ita a Jamus. A Ingila Archer Martin da Richard Synge suka inganta ta a 1941, aka koma yin ta a kan takarda a 1944, sannan da iskar gas a 1952. Da ta takarda ce Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham suka bi sawun kabon cikin tsiro a Kalifoniya, suna jefa gansakuka cikin tafasasshen alkohol bayan 'yan daƙiƙoƙi a haske. Darasin da suka bari yana nan har yau: sinadaran da ke cikin tsiro mai rai suna sauyawa cikin ƙiftawar ido, dole a tsayar da komai kafin a auna. Shi ya sa yanzu ake tsoma ganye cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili da zarar an tsinko shi.

Mataki na biyu ya fi wuya, wato samo samfur daga sashe guda tak. A nan ne na fi ganin hazaƙar mutanen. Jijiyar da ke ɗaukar sukari daga ganye zuwa saiwa da 'ya'ya siririya ce ƙwarai, kuma tana toshe kanta idan an yanka. A 1953 Kennedy da Mittler a Kambirij suka yi amfani da sanin cewa ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar tsiro, masu barin danƙo a ganye, suna soka bakinsu daidai cikin wannan jijiya. Sai suka bar ƙwaro ya soka, suka datse bakin, suka bar shi a cake. Ruwan jijiyar ya riƙa ɗigowa tsantsa ta wannan ɗan bututu. A Amurka kuma Oliver Lowry ya ƙirƙiro hanyar auna sinadari a gutsuren da ido ba ya gani, ta amfani da inzayim, wato abin da ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin halitta, yana maimaita aiki har alamar ta yi ƙarfin da na'ura za ta karanta. William Outlaw ya ɗauko wannan dabara zuwa tsirrai. A 1977 shi da Lowry suka auna sinadaran da ke taruwa cikin ƙwayoyin halitta biyun da ke buɗe kowace ƙofar numfashi a ganye, bayan an yanko su da hannu ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Amsar tambayar dawa ta zo daga ɗakin gwajin Eric Conn a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Masu binciken can sun yi amfani da inzayim mai narkar da bangon ƙwayoyin halitta, suka ware na fatar ganye daban, na tsokarsa daban, suka auna kowanne. Sakamakon da suka wallafa a 1979 ya nuna cewa a ganyen ƙaramar dawa, sinadarin dafin yana zaune a fata, inzayim ɗin da ke farfasa shi kuwa kusan duk yana cikin koriyar tsokar da ke ƙarƙashi. Tamkar maigidan da ya ajiye kananzir a ɗaki ɗaya, ashana a wani. Muddin ganye yana nan lafiya, babu guba. Haƙorin saniya ko bakin fara ne ke rushe katangar, su haɗu, sayanayid ya tashi. Duk yawan dakan da za a yi ba zai taɓa nuna wannan ba, domin turmin masani yana aikata abin da haƙorin saniya ke yi.

Daga nan na'urori suka karɓi ragama. A 1996 aka fito da yankan nama da hasken lesa a Amurka, don binciken ciwon daji, masana tsirrai suka aro shi suna ciro sashen da suke so daga siririn yanki. A 2000 Oliver Fiehn da abokan aikinsa a Cibiyar Max Planck da ke Golm a Jamus suka haɗa kuromatogirafin gas da na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari, suka auna sinadarai 326 lokaci guda a ganyen wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis. Wata dabarar ma ba ta buƙatar ware komai: ana shimfiɗa yankin tsiro, lesa ya bi shi ɗigo-ɗigo, kwamfuta ta zana taswirar inda kowane sinadari yake. Masu bincike a Kopenhagen, inda Birger Lindberg Møller ya shafe shekaru yana nazarin dafin dawa, sun yi wa ƙwayar dawa mai tsirowa irin wannan taswira a 2020. Taswirar tana da rauninta, ta fi iya nuna wuri fiye da faɗin adadi, don haka har yanzu ana haɗa ta da tsohon awo.

Waɗannan na'urori suna da tsada, suna son lantarki marar yankewa, kuma hakan ya sa mafi yawan binciken amfanin gonar da mu muke ci ana yin sa ne nesa da gonakinmu. Wannan abu ne da ya kamata ya dame mu. Duk da haka akwai awon da ya iso hannun talaka. Tun 1906 Léon Guignard a Faransa ya nuna cewa takardar da aka jiƙa da sinadarin pikirat tana rikiɗa daga rawaya zuwa ja-ja idan sayanayid ya taɓa ta. A shekarun 1990 Howard Bradbury a Ostireliya ya mayar da wannan takarda ƙaramin kayan gwaji na rogo, tsiron da shi ma yake ajiye irin wannan dafi, ya fi yawa a ɓawo da ganye fiye da tsokar saiwa. An rarraba kayan a ƙasashen Afirka da rogo mai ɗaci ke shanye ƙafafun mutane, kuma malamin gona yana iya karanta sakamakon da idonsa, ta kwatanta launin takardar da jadawalin launuka.