Dainoso a Zamanin Jurasik: Tarihin da Ke Kwance a Kwarin Sakkwato

Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihin ƙasar Kabi, hankali kan tafi ga Kanta da ganuwar Surame, ko ga Shehu Abdullahi na Gwandu. Amma ƙasar da manomin Aliero yake dasa albasa a kanta tana da nata tarihin, wanda ake ƙirga shi da miliyoyin shekaru. Wannan muƙala za ta dubi yadda manyan dabbobin nan masu rarrafe da ake kira dainoso suka bunƙasa, suka bazu a zamanin Jurasik, da kuma matsayin yankinmu a wannan labari.

Bunƙasa da Bazuwa

Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa zamanin Jurasik ya fara kimanin shekara miliyan 201 da suka shuɗe, ya ƙare shekara miliyan 145 da suka wuce. Dainoso na farko sun bayyana tun kafin nan, ƙanana ne masu tafiya da ƙafa biyu. Da wani babban bala'i ya hallaka akasarin abokan gogayyarsu, sai fili ya zama nasu. Wani reshe ya koma tafiya da ƙafa huɗu, wuya ya tsawaita, jiki ya ƙasaita. Wani reshen kuma ya ci gaba da farauta.

A lokacin nahiyoyi suna manne a dunƙule guda mai suna Panjiya, wadda ta fara tsagewa a hankali. Babu tekun da ya raba Afirka da Kudancin Amurka. Shi ya sa ake samun dangi ɗaya a wurare masu nisa da juna. Ƙaton da Jamusawa suka tono a Tendaguru ta Tanzaniya tsakanin 1909 da 1913, wanda yanzu yake tsaye a gidan tarihi na Balin, yana da ɗan'uwa na kusa a duwatsun yammacin Amurka.

Shaidar Maƙwabta

Jega da Aliero da Maiyama suna bakin kudu na wani makeken kwari mai suna Iullemmeden, wanda a Nijeriya ake kira Kwarin Sakkwato. Bakinsa na arewa maso gabas yana ƙasar Agadas, kuma can ne duwatsun Jurasik suka fito fili. A 1994 Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya bayyana Afrovenator, maciyin nama mai dangi a Turai. A 1999 ya bayyana Jobaria daga yankin Ingal, mai dogon wuya da tsawonsa ya kai kimanin mita 18. An ɗauko sunan daga Jobar, wani dodo na tatsuniyoyin Abzinawa. Da fari an zaci na zamanin da ya biyo baya ne, har sai a 2009 da aka sake nazarin duwatsun, aka mayar da su tsakiyar Jurasik. A shekarar ce kuma aka bayyana Spinophorosaurus daga wajen Adarbisnat, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta wasu da aka tono a ƙasar Sin. Ke nan Afirka ta Yamma ba gefen labari take ba.

Namu Ɓangaren

Duwatsun da suka rufe yankin Gwandu da Aliero da Jega ƙanana ne a shekaru, sun kwanta ne bayan ƙarewar dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce. Tsofaffin suna ƙarƙashi. Matafiyin da ya bar Jega ya ratsa Maiyama ya nufi kudu, yana komawa baya ne cikin zamani, domin duwatsun suna ƙara tsufa. Shimfiɗar duwatsun da aka laƙaba wa sunan Illo, da takwararta ta Gundumi, ana danganta su da ƙarshen Jurasik zuwa farkon zamanin da ya bi shi, kuma an sami itatuwa da suka rikiɗe dutse a cikinsu. Daga baya teku ya malale kwarin. Shaidarsa ita ce Goronyosaurus, wani dodon ruwa wanda ba dainoso ba ne, da masanan Italiya suka raɗa wa sunan Goronyo a 1972, da kuma farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita.

Kammalawa

Taswirar bazuwar dainoso abu biyu take nunawa: inda dabbobin suka rayu, da inda aka je aka nema. Inda ba a tona ba, shafin kan zauna fari. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, tana kuma da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006. Garin da ya san sirrin ƙashi mai rai bai kamata ya jahilci wanda ya zama dutse ba. Dalibin da zai ɗauki guduma ya nufi Illo ba sai ya zo daga ƙetare ba.