Daga Malam Zurƙe Zuwa Rabi: Taurarin da Masu Karatu Suka Riƙe a Zuci

Duk wanda ya daɗe yana koyar da ƙagaggun labaran Hausa ya san wani abu guda. Ɗalibi kan mance shekarar da aka buga littafi, wani lokaci har da sunan marubucin, amma da wuya ya mance tauraron da ya shiga ransa. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun waɗannan taurari, mu ga abin da ya sa aka so su, da yadda son ya yi ta sauyawa tare da masu karatun kansu.

Tarihin ya faro ne a 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga cikin abin da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganɗoki jarumi ne da ya ja daga da Turawa, kuma ga mutanen da ba su fi shekara 30 da ganin faɗuwar Sakkwato ba, kirarinsa wata huce haushi ce. Shaihu Umar kuwa malami ne mai haƙuri, wanda aka sace yana yaro aka ƙetara hamada da shi. Ana girmama shi, amma wadda ke sa mai karatu hawaye ita ce mahaifiyarsa, da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta.

Sai dai in ana batun farin jini, babu kamar Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Abin lura shi ne ba shi ne jagoran labarin ba. Alhaji Imam ne ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke liman daga wulakancin da aka yi masa a fada. Amma da zarar Zurƙe ya ɓullo a wani gari, sai labarin ya ɗau zafi: wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama, har daga baya ta bayyana ashe 'yan'uwa ne. Me ya sa aka so mutumin da ba shi da aiki sai damfara? A ganinmu, domin jikan Gizo ne. Bahaushe ya taso yana jin tatsuniyar ƙaramin da ke kayar da babba da wayo, sai ga shi ya tarar da shi a takarda sanye da rawani. Haka ma akun Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937: tsuntsu ne da ba shi da makami sai baki, ya tsare Musa ɗan sarki da labarai, ya tona asirin waziri, ya kuma gaji kujerarsa.

Duk waɗannan taurari maza ne, domin yawancin waɗanda suka iya karatun boko a lokacin maza ne. Al'amarin ya fara juyawa a 1980, sa'ad da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito daga gasar kamfanin NNPC. Boɗaɗo, budurwar Fulani, ta tsaya kan wanda take so duk da adawar dangi. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan 'yan mata masu karatu, kuma ba a jima ba suka sami taurarin da suka yi kama da su.

A nan ne Balaraba Ramat Yakubu ta shigo. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu, har waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman ta. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Rabi ba ta nemo ruwan Bagaja ba, ba ta yaƙi aljanu ba. Abinci ta riƙa dafawa tana sayarwa ta riƙe 'ya'yanta. Mace da yawa ta karanta wannan ta ga uwarta, ko yayarta, ko ita kanta. A 2012 aka buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya.

An daɗe ana yi wa littattafan wannan zango kallon raini, ana kiran su adabin kasuwar Kano. Amma idan muka jera Zurƙe da aku da Abu da Rabi, za mu ga zare ɗaya ya ɗinke su. Dukansu an fi su ƙarfi, ko da mulki, ko da dukiya, ko da ikon gida, kuma kowannensu ya nemo mafita da abin da ke hannunsa. Mai karatu kan jinjina wa mai takobi, amma wanda yake so shi ne wanda aka danne ya ƙi kwanciya.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu da su yi hattara da tauraron da aka wanke tas, mai kyau, mai kuɗi, mai ilmi, wanda bai taɓa tuntuɓe ba. Irin wannan ba ya kwana a zuciyar kowa. Zurƙe kuwa ya haura shekara 90 a takarda, kuma har gobe in an ambace shi a aji sai an yi dariya.