Igiyar da ke Bayan Ƙofar Shagona

A makon jiya wani Alhaji daga Unguwar Rogo ya sa aka jawo Fijo 504 ta marigayi mahaifinsa zuwa bakin shagona a nan Ali Kazaure. Ta daɗe a ƙarƙashin rumfar kwano, kaji har sun yi ƙwai a kujerar baya. Fanalbita ya gama nasa, mai fenti ya mayar mata da farinta na asali, saura gilashin gaba. Kafin in buɗe baki yarona ya riga ya ɗauko bindigar gam. Na ce ya mayar, ya sauko mini da igiyar da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ya tsaya yana kallona kamar na ce a ɗaure akuya.

"Oga, igiya kuma?"

Ba laifinsa ba ne. Shekararsa huɗu a hannuna bai taɓa ganin an sa gilashi da igiya ba, alhali da ita aka ciyar da gidaje da yawa a unguwar nan, har da namu.

A wurin kawuna na koyi sana'ar, shi kuma ya koya a garejin wani kamfanin kuza a Bukuru. Kuza ce ta kawo wa Jos komai da wuri: ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, babban layi a 1927, sai manyan motoci da Landiroba na Turawan da ke yawo tsakanin ramukan haƙa. Gilashin waɗannan motoci shimfiɗaɗɗe ne kamar na taga, sau da yawa gida biyu da ƙarfe a tsakani. Saboda haka mai gilashi na wancan zamani kusan tela ne: ya auna, ya zana a kwali, ya yanka. Kawu ya nuna mini yadda ake yanka mai leda a tsakiya. Ka ja layi da abin yanka a sama, ka juya ka ja a ƙasa daidai kan na farko, ka karya, sannan ka ɗiga sifirit a tsagar ka kyasta ashana, ledar ta yi laushi ka raba ta da reza. Idan robar gefe ta mutu, tsohuwar robar cikin taya ake yankawa a yi ciko. Har ya rasu yana cewa wanda bai taɓa ƙona yatsa da sifirit ba ɗan kallo ne.

Fijo ce ta kashe yankan. Gilashin 404, wadda ta fito a Faransa a 1960, da na 504 da ta biyo ta a 1968, lanƙwasasshe ne, ba ya yankuwa a kan tebur, sai dai ka sayo shi yadda masana'anta ta gasa shi. Da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, sai Jos ta cika da ita. Shekara guda bayan nan aka ƙirƙiro Jihar Filato, kowace ma'aikata da jerin 504 a ƙofarta. Doguwar Fijo tana lodin fasinja a tashar Bauchi Road, akori-kura kuma tana sauko da dankalin Bokkos da Mangu zuwa Farin Gada. Hanyoyin burji suna harba tsakuwa, mu kuma muna cin abinci.

Gilashi iri biyu muke gani a lokacin. Akwai gasasshe mai gida ɗaya, wanda idan dutse ya same shi yakan dagargaje baki ɗaya, Kawu yana ce masa mai gishiri. Direba ya naɗe hannu da tsumma ya huda rami daidai fuskarsa, ya ƙaraso gari idonsa na hawaye. Sai mai gida biyu da leda a tsakani, wanda yake tsagewa kamar saƙar gizo amma ya tsaya a wurinsa. Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1909, amma ta daɗe kafin ta zama ta kowa a motocin Turai. Abin da yaran yanzu ba sa yarda idan na faɗa shi ne, a da a ƙasar nan ake yin gilashin Fijo, a Ibadan, kamar yadda a lokacin ake yin taya a Legas da Fatakwal.

Ga yadda aikin igiya yake. Robar tana da baki biyu, ɗaya yana riƙe gilashi, ɗaya yana cizon leɓen ƙarfen mota. Ka fara sa wa gilashin robarsa a kan bargo. Ka tura igiya, mai kaurin igiyar shanya, cikin bakin da zai kama ƙarfe, ka zagaye da ita har kawunanta biyu su haɗu su gitta a tsakiyar ƙasa. Ka shafa ruwan sabulu, ban da man mota ko giris, don suna cinye roba. Mutum biyu su ɗora gilashin daga waje, kawunan igiyar suna ciki. Kai kana zaune a kujerar gaba kana ja sannu sannu, leɓen robar yana tsallake ƙarfe yana zama, na waje yana bin ka da tafin hannu, yana danna daidai inda igiyar take. Tafi, ba dunƙule ba. A kusurwa ake gane gwani, nan za ka riƙa juya igiyar kamar mai tuƙa tuwo, in ka fizga robar ta yage, in na waje ya matsa da yawa ka ji ƙas, kuɗin mako ya tafi. Ni na fasa biyu kafin hannuna ya faɗa, kuma na biyun Kawu bai yi mini faɗa ba, shirun da ya yi ya fi mari zafi.

Garinmu yana da nasa sharaɗin. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu yana sandarar da roba ta koma kamar busasshiyar fata. Da hunturu ba ma taɓa gilashi sai hantsi ya ɗaga, a shanya robar a kan bodi ko a tsoma ta a ruwan ɗumi. Damina kuma doguwa ce, ga ƙanƙara wani lokaci. Ruwa yakan sulale ta bayan roba ya kwanta a kusurwoyin ƙasa, tsatsa ta fara aikinta a ɓoye. Shi ya sa bayan an zaunar da gilashi ake ɗaga leɓen robar a ɗura wani baƙin danƙo mai suna butil, tsakanin roba da gilashi da kuma tsakanin roba da ƙarfe. Amfaninsa ɗaya: ba ya bushewa. Bayan shekaru ka taɓa shi ya bi yatsanka. Jikin 504 yana murɗawa a kan gargada, robar tana numfasawa da zafi da sanyi, danƙon yana bin su duk inda suka yi.

Da silikon ya shigo kasuwa muka ɗauka an huta. Ga arha, ga tsabta, kowane mai kayan gini yana da shi. Na ɗura shi a wata akori-kura ta maƙwabcinmu, ina jin warin tsaminsa irin na ruwan khal yana hawa hancina ban kawo komai ba. Ashe tsamin nan shi ke cin ƙarfe. Damina biyu aka dawo da ita, leɓen ƙarfen ya zama kamar rariya, mai fenti kuma yana ta tsine mini don fenti ba ya kama inda silikon ya taɓa. Kuɗin walda daga aljihuna ya fita.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar Fijo ta fi ƙarfin malamin makaranta, motocin Kwatano suka maye gurbi. Yawancinsu ba su san igiya ba. Gilashinsu liƙe yake da ƙarfe da gam mai ƙarfi, foliyuritan, da waya ake yanke tsohon, a goge, a shafa ruwan share fage, a zuba gam, a ɗora. Baƙin zanen da ke zagaye da gefen gilashin yana kare gam ɗin daga rana. A irin waɗannan motoci gilashi yana cikin abin da ke riƙe rufi, kuma jakar iskar fasinja da shi take dogara idan ta fashe. Mai liƙa shi da silikon ko butil don sauƙin kuɗi, a ganina, da ran mutane yake wasa. Wani abu da kaɗan suka lura da shi: gam ɗin da laimar iska yake ƙamewa, don haka a busasshen hunturu ya fi jinkiri, direban kuwa yana tsaye a kanka yana kaɗa makulli.

To amma 504 ba don gam aka ƙera ta ba. Cika robarta da foliyuritan ka ɗaure abin da aka yi don ya motsa, ranar da ta faɗa rami tsaga ta taso daga kusurwa. Kuma wanda zai canza gilashin nan gaba dole ya yanka robar, ita kuwa yau ta fi gilashin wuyar samu. Tun da Kaduna ta daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000 kayanta suke ja da baya. Kwana uku na yi ina zagaya Dilimi kafin na sami roba mai laushi, sauran duk ka lanƙwasa su sai su tsattsage. Butil ɗin ma sai da na yi sautu daga Kano.

Ranar Laraba da hantsi na zaunar da yaron a kujerar gaba na danƙa masa kawunan igiyar, ni na tsaya a waje da tafin hannu, inda Kawu yake tsayawa. A kusurwar farko ya so ya fizga, na ce, "Sannu dai, ɗana, juya ta." Leɓen ya tsallake. Da igiyar ta fita gaba ɗaya a sama sai ya fito yana zagaya motar, yana latsa robar da babban yatsa. Muka ɗura danƙo, muka goge da kananzir, ya kwara bokiti uku ina ciki ina duba. Ɗigo ɗaya ya fito a kusurwar hagu ta ƙasa, na nuna masa, ya ɗaga leɓen ya ƙara da kansa. Alhaji zai zo ɗaukarta bayan sallar Juma'a.