Mashigan tsaunukan Alps: Tsoffin hanyoyin fatake da suka koma hannun masu keke da masu tattaki

Tsaunukan Alps sun shimfiɗu tsawon kimanin kilomita 1,200 a tsakiyar nahiyar Turai, inda suka ratsa ƙasashe takwas: Faransa da Monako da Italiya da Suwizalan da Liechtenstein da Jamus da Ostiriya da Sulobeniya. Mafi tsayinsu, wato Mont Blanc, ya haura mita 4,800.

Irin wannan katanga ba ta ƙetaruwa sai ta mashigi, wato wurin da duwatsu suka sassauta har mutum ko dabba ya sami hanyar wucewa daga wani kwari zuwa wani. Faransawa na kiransa "col", Italiyawa na cewa "passo", masu jin Jamusanci kuma "pass" ko "joch". Waɗannan kalmomi ne matafiyi zai riƙa gani a taswira da allunan gefen hanya.

Daga ayarin alfadarai zuwa keke

Bin waɗannan mashigai ya daɗe ƙwarai. A shekarar 1991 aka tsinci gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana kusa da mashigin Tisenjoch, a iyakar Italiya da Ostiriya. Masana sun ce ya rayu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce, suka kuma laƙaba masa suna Ötzi.

A ƙarnonin da suka biyo baya, fatake ne suka fi bin hanyoyin. Sukan ɗora wa alfadarai gishiri da cuku da yadi, su yada zango a ƙauyukan gindin dutse, su biya kuɗin fito kafin su wuce. A mashigin Grand-Saint-Bernard, mai tsayin mita 2,469 tsakanin Suwizalan da Italiya, wani malamin addinin Kirista mai suna Bernard ya kafa masauki a wajajen shekarar 1050 domin ceton matafiya, kuma har yau yana karɓar baƙi. Ta nan ne Napoleon ya ƙetare da sojoji kusan 40,000 a watan Mayun 1800.

Al'amura sun sauya da aka soma fasa duwatsun ana haƙa hanyoyi ta ƙarƙashinsu. An buɗe hanyar mota ta ƙarƙashin Grand-Saint-Bernard a 1964, ta Gotthard kuma a 1980. A 2016 aka ƙaddamar da layin dogo mai tsawon kilomita 57 a ƙarƙashin Gotthard ɗin. Da manyan motocin kaya suka koma ƙasa, ko suka koma babban titin Brenner mai tsayin mita 1,370 kacal, sai tsoffin hanyoyin sama suka zama na masu keke da babura da masu yawon buɗe ido.

Mashigai uku da masu keke suka fi ambata

Stelvio, a arewacin Italiya, yana da tsayin mita 2,757. Daular Ostiriya ce ta gina titinsa tsakanin 1820 da 1825, bisa jagorancin injiniya Carlo Donegani. Wanda ya taso daga garin Prato zai yi hawan kimanin kilomita 24, ya sha kwana 48 masu tsananin lanƙwasa, kowace da lambarta a gefen titi. Gasar Giro d'Italia ta fara bin sa a 1953, shekarar da Fausto Coppi ya karɓe jagorancin gasar a kansa. Akwai rana guda a ƙarshen bazara da ake hana motoci hawa domin masu keke su sakata su wala.

Galibier, a Faransa, ya kai mita 2,642. Gasar Tour de France ta fara hawansa a 1911, lokacin da titin bai san kwalta ba. Kusa da ƙololuwarsa akwai dutsen tunawa da Henri Desgrange, wanda ya assasa gasar.

Iseran, shi ma a Faransa, ya kai mita 2,764, kuma shi ne mashigi mafi tsayi da aka shimfiɗa wa kwalta a duk tsaunukan Alps. An buɗe titinsa a 1937. Domin mai karatu ya auna, dutsen Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan duk mashigan nan uku sun ɗara shi.

Hanyoyin masu tafiyar ƙafa

Mafi shahara ita ce Tour du Mont Blanc, wadda ta zagaye dutsen ta Faransa da Italiya da Suwizalan. Tsawonta kimanin kilomita 170 ne, jimillar hawan da ke cikinta kuma ta kusa mita 10,000. Galibi akan kammala ta cikin kwana 10 ko 11. Mai tattaki zai shiga Italiya ta mashigin Seigne mai tsayin mita 2,516, ya fita zuwa Suwizalan ta Grand Col Ferret mai mita 2,537. Ana kwana a masaukan kan dutse, inda ake ba da abincin dare da karin kumallo, amma sai an kama gurbi tun watanni kafin tafiya.

Akwai kuma Via Francigena, tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada daga Canterbury ta Ingila zuwa birnin Rum, wadda ta bi ta Grand-Saint-Bernard.

A Suwizalan launin alama ne ke nuna wahalar hanya. Ruwan ɗorawa na nufin hanya mai sauƙi. Fari da ja na nufin hanyar dutse da ke buƙatar takalmi mai ƙarfi. Fari da shuɗi kuwa na ƙwararru ne kawai.

Lokaci da shiri

Dusar ƙanƙara na rufe manyan mashigai daga wajajen Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Saboda haka kakar tafiya ita ce daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba.

Ko a bazara, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000. Wanda ya bar Prato ana digiri 25 zai iya tarar da digiri 13 a saman Stelvio, ga gumi a jiki, ga iska a gangara. Shi ya sa ba a hawa sai da rigar sanyi da ta ruwa da safar hannu. Haka kuma iskar da mutum ke shaƙa a wannan tsayi ta gaza ta bakin teku da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, don haka ake jin haki, wani lokaci har da ciwon kai da jiri. Maganinsa shi ne hawa sannu-sannu, da shan ruwa, da sauka ƙasa idan abin ya tsananta.

Hadari mai tsawa yakan taso ne da la'asar, don haka gogaggu ke yin sammako. Mai keke na buƙatar giya mai sauƙin tuƙi, da birki mai kyau, da hular kwano, da fitila saboda ramukan da titi ke ratsawa, da famfo da kayan faci. A gangara, matse birki ba sassautawa na sa shi zafi har ya daina kamawa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. Ɗan Najeriya ko Nijar na buƙatar bizar Schengen, kuma ya tabbatar inshorarsa ta haɗa da ceto a kan dutse, domin kuɗin jirgi mai saukar ungulu ba kaɗan ba ne.

Masu ƙetarewa bisa tilas

Ba duk mai bin mashigan nan ne ɗan yawon shaƙatawa ba. Tun daga wajajen 2017, baƙin haure, da yawansu daga Afirka ta Yamma, ke tasowa daga Italiya da ƙafa su bi ta mashigan Échelle da Montgenèvre zuwa garin Briançon na Faransa. Yawanci cikin dare suke tafiya domin kauce wa jami'an tsaro, wani lokaci a tsakiyar hunturu, ba tare da tufafin da suka dace ba. Wasu sun rasa yatsu saboda sanyi, wasu kuma sun rasa rayukansu. A watan Mayun 2018 an tsinci gawar wata matashiya 'yar Najeriya a kogin Durance da ke yankin.

Waɗannan mashigai biyu ba su kai mita 2,000 ba, wato suna cikin masu sauƙi a idon masu keke na bazara. Amma a lokacin hunturu titin Échelle a rufe yake, dusar ƙanƙara kan binne alamun hanya, kuma sanyin dare na sauka ƙasa da sifili. Masu aikin ceto da 'yan sa-kai na yankin kan fita sintiri da dare domin tsamo waɗanda suka ɓata.