Baƙi da Neman Abin Yi a Gabashin Sakkwato: Rabah, Wurno da Goronyo

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Watau baƙo yana kwana, hantsi ya yi ya watse, ɗan gari kuwa yana nan da saiwarsa. Amma tarihin ƙasar da ke tsakanin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, inda Rabah da Wurno da Goronyo suke, ya nuna baƙi da yawa sun sauka ba su watse ba. Waɗansu sun zama 'yan gari har an manta da baƙuncinsu, waɗansu kuwa sun shekara arba'in suna gadin ƙofar wani. Abin da wannan takarda ke bincike shi ne dalilin wannan bambanci: idan baƙo ya nemi abin yi ya rasa, ko ya samu amma na ƙasƙanci, launin fatarsa ne ya tare shi, ko asalinsa, ko kuwa wani abu dabam?

Wajibi ne tun farko a rarrabe kalmomi. Bambancin launi irin wanda aka sani a Afirka ta Kudu daga 1948, inda doka da kanta ta keɓe wa farar fata waɗansu ayyuka, abu ɗaya ne. Bambancin asali, watau a dubi mutum a ce ɗa ne ko bawa, Bafillace ne ko Bagobiri ko Buzu, shi kuma wani abu ne. Wanda ya gwama su wuri guda ba zai fahimci abin da ya faru a wannan ƙasa ba.

Zamanin ribaɗi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hau sarauta cikin 1817, ya kuwa iske gabas da arewacin Sakkwato a buɗe ga harin Gobirawa da Azbinawa. Dabararsa ita ce kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin daga, ya zuba musu mutane. Wurno ita ce babbarsu, can ya zauna, can ya rasu cikin 1837, can kuma kabarinsa yake. Rabah ma ta zama mazaunin zuriyarsa, har ɗansa Abubakar, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, da sunan garin aka san shi.

Garin ribaɗi bai da ɗan gari na asali, kowa kawo shi aka yi ko ya kawo kansa. Bello ya yi ta jan Fulani makiyaya su zauna su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. A cikin littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, Usulus Siyasa, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da sauransu, ya rarraba su cikin garuruwa gwargwadon bukata. Saboda haka a wancan zamani ƙasa tana da yawa, hannu ne ya yi kaɗan, baƙo mai sana'a kuwa abin nema ne. Sa'ad da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Wurno cikin 1853, a zamanin Aliyu Babba, gari ne na fada da fatauci, ayarin Azbinawa na kawo gishiri ƙasar suna komawa da hatsi da tufafi.

Amma fa ba duk wanda ya shigo ne ya shigo da ƙafarsa ba. Bayin da aka kamo wurin yaƙi su ne suka riƙa noman gandaye a tungaye da rumada. Su ba su rasa aiki ba, 'yancin zaɓensa suka rasa. Abin da ya raba su da iyayengijinsu kuwa ba launi ba ne, domin sau da yawa bawa da ubangijinsa fatarsu ɗaya. Shari'a ta ɗora halaccin bauta bisa kafirci da yaƙi, ko da yake an sha ƙetare wannan iyaka a aikace.

Ƙorafin asali ma ya taso tun da wuri. Malam Abdussalami, Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu, aka zaunar da shi a Kware, yamma da Wurno. Ya ga rabon da aka ba shi na ƙasa bai kai na takwarorinsa Fulani ba, ya yi tawaye cikin 1817, aka ci garinsa, ya rasu da rauni a Bakura a farkon 1818. Bello ya rubuta nasa bayanin al'amarin a cikin Sardul Kalami, inda ya kafa hujja da cewa Abdussalami ya haɗa kai da abokan gaba. Ko wane gefe mai nazari ya karkata, abin lura shi ne gardamar a kan rabon mulki take, ba a kan hana baƙo noma ko sana'a ba.

Zuwan Turawa da shata iyaka

Turawan Ingilishi suka ci Sakkwato cikin Maris 1903. Yarjejeniyoyin da suka yi da Faransa cikin 1904 da 1906 suka bar Adar da Birnin Ƙonni a hannun Faransi. Ba'adare wanda kakansa ke zuwa kasuwar Wurno ba tare da ya ga ya bar gida ba, sai ya wayi gari mutumin wata daula.

Duk da haka mutane suka yi ta kwararowa kudu. Harajin Faransi ya fi nauyi, ga aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga kamun soja. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta koro waɗansu. Bayan da Faransi suka murƙushe tawayen Kawusan a Agadas cikin 1917, Azbinawa da bayinsu da yawa suka gudo ƙasar Ingilishi. Hakimai ba su ƙi su ba, domin darajar hakimi a idon Razdan tana tafiya da yawan masu biyan haraji a ƙasarsa. Hanyar kuwa sananniya ce: baƙo ya sami mai masauki, mai masauki ya kai shi gaban dagaci, a yanka masa daji ya sare, ya shiga takardar haraji. Ba'adare Bahaushe ne, Musulmi, manomi, saboda haka 'ya'yansa suka narke cikin gari.

Waɗanda suka sha wuya a wannan lokaci su ne 'yantattun bayi. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Bawa yana iya fansar kansa ta hanyar murgu, amma gonar da ya saba nomawa ta ubangijinsa ce. Idan ya tashi ya zama baƙo a wani gari, sunan asalinsa yakan riga shi isa, musamman ranar neman aure ko neman sarautar sana'a.

Har ila yau ƙasar da ke karɓar baƙi ita ma tana fitar da su. A ranin 1952 zuwa 1953 aka ƙidaya 'yan cin rani a kan hanyoyi da mashigai na Lardin Sakkwato, R. M. Prothero ya tsara sakamakon. Adadin ya haura 200,000, cikinsu har da mutanen ƙasar Faransi masu ratsawa, galibi sun nufi gonakin koko na Yamma da Gwalkwas, waɗansu kuma ma'adinan kuza na Jos. Mutumin Goronyo da ke ɗaukar Ba'adare ƙodago da damina, shi ne ke dako a Kumasi da rani. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, Sakkwatawa da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka kaɗai.

Aikin ofis

Inda launin fata ya yi hukunci a fili shi ne aikin gwamnatin Turawa. An raba muƙamai gida biyu, na Turawa da na 'yan ƙasa, albashi dabam, gidaje dabam, asibiti dabam. Baƙar fata, kome iliminsa, da wuya ya haye babban muƙami, sai bayan kwamitin Foot na 1948 aka fara buɗe ƙofar da gaske. A nan baƙon da ya zo daga nesa shi ne mai gata, ɗan ƙasa shi ne a baya.

A ƙarƙashin Turawa kuma akwai akawuna da ma'aikatan gidan waya da na asibiti, galibinsu mutanen Kudu, domin su suka riga samun makarantar boko. Wanda ya juya wannan al'amari ɗan Rabah ne. Alhaji Ahmadu Bello, jikan Abubakar na Rabah, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah cikin 1934, Sardauna cikin 1938, Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954. Manufar gwamnatinsa ita ce idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba aiki, in babu a ɗauki Bature ko wani bisa kwantaragi na ɗan lokaci. Dokar mallakar ƙasa ta 1962 kuma ta fassara ɗan ƙasa da wanda ubansa ya fito daga wata ƙabila ta Arewa, wanda ba haka ba sai da izini zai riƙe fili.

Mutanen Kudu suka kira wannan wariya, suka ce an fifita Bature a kan ɗan'uwa baƙar fata. Hujjar Sardauna ita ce Bature zai gama kwantaraginsa ya koma gida, ɗan Kudu kuwa in ya zauna a kujera ba zai tashi ba, Arewa za ta sami mulkin kai alhali ofisoshinta na hannun wasu. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma ba shakka an hana mutane aiki saboda inda aka haifi iyayensu, kuma wannan ma'auni bai mutu da Jihar Arewa ba. Tsarin mulki na 1979 ya shigar da shi cikin rabon muƙaman tarayya, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin aikin gwamnati. Jikan Ba'adare wanda hakimi ya san gidansu yakan same ta ba wuya, jikan Bayarabe da aka haifa a gari ɗaya da shi yakan rasa.

Shekarun fari

Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobin Azbin da Adar, makiyaya suka gangaro ƙasar Sakkwato ba raƙumi ba akuya. A nan ne ake iya gwada zancen launi da kyau, domin waɗanda suka zo iri biyu ne: Azbinawa masu hasken fata, waɗanda a ƙasarsu su ne iyayengiji, da Bugaje baƙaƙe, zuriyar bayinsu. Bahaushe ya haɗa su duka ya kira su Buzaye, aikin da aka ba su kuma ɗaya ne, gadin gida da kanti da dare. Da launi ne ma'auni, da ɗaya ya fi ɗaya samu. Abin da ya haɗa su shi ne ba su da gona, da yawansu ba su iya noman fadama ba, Hausarsu ba ta nuna ba, ba su da takardar makaranta. An amince musu da gadi saboda an san su da takobi da riƙon amana, kuma ba su da dangi a gari da za su haɗa baki da su. Sai dai wannan suna da ya ba su aikin shi ne ya tsare su a cikinsa, har ya zama ba a tunanin Buzu da wani aiki dabam. Hausawan Nijar kuwa suka shiga ga-ruwa da haƙar rijiya da ƙodagon albasa a fadamun Wurno da Goronyo, waɗansu suka yi jari.

Daga nan sai hukuma ta sa hannu. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta yarda da zirga-zirga ba biza har kwana 90. Amma bayan tarzomar Maitatsine a Kano cikin 1980 aka riƙa ɗora wa baƙi laifi, kuɗin man fetur kuma ya faɗi. Cikin Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, fiye da mutum miliyan ɗaya suka tashi, galibi 'yan Gana, da 'yan Nijar masu yawa. Gwamnatin Buhari ta rufe iyaka cikin Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai 1986, daidai lokacin da wani fari ya sake aukuwa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. A shekarar 1984 ɗin aka gama madatsar ruwa ta Goronyo, fadama ta ƙara daraja, ba a kuma yanka wa baƙo ita kyauta kamar yadda aka yanka wa kakansa daji.

Abin da tarihin ya nuna

Idan aka jera waɗannan zamuna, za a ga baƙo ya sami karɓa duk lokacin da ƙasa ta fi hannu yawa, ya sha wuya duk lokacin da hannu ya fi ƙasa ko kujera yawa. Launin fata shi kaɗai ya yi hukunci a ofishin Turawa, ya kuwa tafi da tafiyarsu. Tsakanin mutanen ƙasa abin da ya yi aiki shi ne harshe da addini da mai tsaya wa mutum, sa'an nan daga baya takarda. Amma kuskure ne a ce don ba launi ba ne, to ba bambanci. Tabon bauta, da sunan ƙabila da ake liƙa wa sana'a ɗaya, da sharaɗin asalin uba, duka abubuwa ne da aka haifi mutum da su, ba shi da ikon sauya su, kuma sun hana mutane abin da suka cancanta.

Baƙunci kuma juyawa yake yi. Bayan harin da 'yan bindiga suka kai ƙauyukan Gandi a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, manoma da yawa sun bar gonakinsu. Cikin 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, suka sauka a gidajen waɗanda kakanninsu suka taɓa neman masauki a wannan gefe. Aikin da ya rage ga masu nazari da malaman kwalejojin horon malamai shi ne tattara tarihin unguwanni da tungaye daga bakin dattawa, gida gida: wa ya zo, daga ina, wa ya sauke shi, wace sana'a ya fara, jikokinsa kuma me suke yi. Takardun haraji sun ƙidaya kawuna, amma ba su faɗi wanda aka ba gona da wanda aka ba sandar gadi ba.